A ina wutar jiki take ci? Tarihin shekara 300 na neman amsa

Akwai wani layi da kusan duk ɗan kwaleji ko lise a ƙasar nan ya taɓa rubutawa a kayensa na SVT: sukari da iskar oksijen suna haɗuwa, su ba da gaz karbonik da ruwa da ƙarfi. Mushe ya rubuta a allo, yara su kwafa su haddace, ranar jarrabawa su mayar masa da abinsa. Kaɗan ne daga cikinsu ke fita aji da sanin cewa labarin tuwon da suka ci jiya da dare ake ba su.

Wannan layi da ake gama rubutawa cikin minti ɗaya ya ci wa masana sama da shekara 300. Tambaya guda suka yi ta bi: idan jiki yana ƙona abinci, to a ina murhun yake? Kowane zamani ya nuna wani wuri, na bayansa ya zo da ma'auni ya nuna wani wuri da ya fi shi ƙanƙanta. Daga zuciya aka koma huhu, daga huhu zuwa jini, daga jini zuwa tsoka, har aka tiƙe a kan wani tantani da ido ba ya gani.

Kyandir da ɓera

Mutanen da sun lura cewa mai rai yana da ɗumi, gawa kuwa sanyi take yi. Aristo na ƙasar Girka da likita Jalinus, wanda littattafansa suka mulki likitanci fiye da shekara dubu, sun ɗauka cewa zafin a zuciya yake, numfashi kuma mafici ne da ke fifita ta don kada ta ƙone. A ƙarni na 13 likita Ibn Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira, ya bayyana cewa jini yana barin sashen dama na zuciya ya ratsa huhu, ya gauraya da iska, sannan ya dawo sashen hagu. Hanya ta fito, saura a san abin da jinin ke zuwa ɗauka.

A 1660 Robert Boyle na Ingila ya yi amfani da famfo ya zuƙe iskar da ke cikin tulun gilashi. Kyandir ya mutu a ciki, tsuntsu da ɓera ma suka mutu. A 1674 John Mayow ya ƙara mataki. Ya rufe ɓera da kyandir mai ci a kwalba ɗaya, sai ya ga kowannensu ya fi saurin mutuwa fiye da in shi kaɗai ne. Ashe abinci ɗaya suke rabawa a cikin iskar, kuma wani sashe ne kawai na iskar, don akwai sauranta a kwalbar bayan sun mutu.

Sai da aka ƙara shekara ɗari kafin a ware wannan sashe. A 1771 Joseph Priestley ya sa reshen na'ana'a cikin iskar da kyandir ya mutu a cikinta, bayan ƴan kwanaki ya tarar kyandir yana iya ci a ciki kuma. Tsiro ya gyara abin da wuta ta ɓata. A 1774 ya tace iskar kanta, ya ga kyandir yana ci da ƙarfi a cikinta, ɓera kuma yana daɗewa. Carl Scheele na ƙasar Suwidin ma ya samo ta a nasa gefen. Amma wanda ya gane ma'anarta, ya kuma raɗa mata sunan oksijen da muke kira yau, Bafaranshe ne, Antoine Lavoisier.

Mutumin da ya auna zafin rai

Lavoisier bai yarda da magana ba sai ta hau ma'auni. A hunturun 1782 zuwa 1783, shi da masanin lissafi Laplace suka ƙera wani tulu mai bango na ƙanƙara, suka sa ɓeran Masar a ciki. Cikin awa goma ɗumin jikin dabbar ya narkar da ƙanƙara fiye da giram 350. Suka auna gaz karbonik da take fitarwa cikin wannan tsawon lokaci, sannan suka ƙona gawayi har ya ba da daidai wannan adadi na gaz, suka duba ƙanƙarar da gawayin ya narkar. Lissafin biyu suka zo kusa da juna. Hukuncin da suka yanke shi ne numfashi ƙuna ce irin ta gawayi, sai dai tana tafiya a hankali, babu harshen wuta.

A 1790 ya koma kan mutum. Mataimakinsa Armand Seguin ya sa abin rufe fuska, aka auna oksijen da yake sha yana hutawa, da bayan ya ci abinci, da cikin sanyi, da kuma yana taka wani feda da ƙafa. Aiki ya ninka shan oksijen fiye da sau biyu. Matar Lavoisier, Marie-Anne, ita ke rubuta sakamako, ita kuma ta zana hotunan gwajin da ake gani har yau. Aikin bai ƙare ba, don Lavoisier yana cikin masu karɓar wa sarki haraji, kuma juyin juya halin Faransa bai yafe musu ba. Aka sare masa kai ranar 8 ga Mayu 1794.

Ya bar gaskiya babba, ya kuma bar kuskure guda: ya zaci a huhu ƙunar take faruwa. Masanin lissafi Lagrange ya kawo tambaya mai sauƙi. In murhun a huhu yake, me ya sa huhu bai fi sauran jiki zafi ba? Lazzaro Spallanzani na Italiya, wanda aka buga bincikensa a 1803 bayan rasuwarsa, ya nuna cewa yankin tsoka ko fata da aka cire daga dabba yana shan oksijen yana fitar da gaz karbonik, alhali babu huhu tare da shi. A 1837 Gustav Magnus ya auna iskar da ke cikin jini, ya ga jinin da ke fitowa daga huhu ya fi oksijen, mai komawa ya fi gaz karbonik. A shekarun 1870 Eduard Pflüger ya rufe maganar: huhu ƙofa ce, jini ɗan dako ne, masu cin iskar su ne ƙananan ƙwayoyin halitta da aka gina jiki da su. Ƙwayar ce ke faɗin yawan oksijen da take bukata, huhu da zuciya su bi umarni.

Darasin mai burodi

An san murhu yanzu, amma ta yaya sukari ke ƙonewa a ɗumin digiri 37, cikin ruwa? Ka ajiye sukari a kwano shekara guda cikin iska, ba zai kama wuta ba.

Amsar ta fara fitowa daga wurin da ba a zata ba, wato yis ɗin da ke kumbura ƙullun burodi. Daga 1857 Louis Pasteur ya nuna cewa tsamin nono da tashin ƙullu aikin wasu ƙananan halittu ne masu rai, kuma suna iya cin sukari ko babu iska. Ya kuma lura cewa in aka hana yis iska, sukarin da yake cinyewa yana ƙaruwa ƙwarai. Pasteur ya tsaya a kan cewa sai ƙwaya mai rai ke iya wannan aiki.

A 1897 wani Bajamushe, Eduard Buchner, ya niƙa yis da yashi, ya matse ruwansa har babu ƙwaya ko ɗaya mai rai a ciki. Don kada ruwan ya lalace sai aka zuba masa sukari mai yawa, kamar yadda ake adana ƴaƴan itace. Ruwan ya fara kumfa. Sukarin yana narkewa yana ba da gaz, kuma babu rai a kwalbar. Daga nan aka gane cewa cikin ƙwaya akwai wasu sinadarai masu aiki, waɗanda ake kira enzim, kowanne da ɗan guntun aikinsa, kuma ana iya fitar da su a yi nazarinsu ɗaya bayan ɗaya. Buchner ya samu lambar Nobel a 1907.

Otto Meyerhof a Jamus da Archibald Hill a Ingila suka ɗauki maganar zuwa tsoka. Suka gano cewa tsokar da ke aiki da ƙarfi fiye da oksijen da ke isa gare ta tana bin kusan hanyar yis, sai dai ita tana ƙarewa da irin tsamin da ke cikin nono. Hill har kansa ya auna yana gudu. Shi ya bayyana abin da duk mai kallon kokawa ya sani: bayan an busa an raba, ɗan kokawa yana ci gaba da haki mintuna da dama, don jikinsa ya ci bashin iska yana biya. An ba su Nobel ta 1922. Zuwa 1940 an gama jera matakai goma da ake bi a fasa sukari gida biyu, kuma matakan iri ɗaya ne a yis da a cinyar mutum.

A ɗakin binciken Meyerhof ne, a 1929, Karl Lohmann ya ware wani sinadari daga tsoka da ake taƙaita sunansa da ATP. Wasu masana biyu a Amurka, Fiske da Subbarow, su ma sun same shi a shekarar. A 1941 Fritz Lipmann ya bayyana matsayinsa. Sukari kamar takardar jikka goma ce a hannun yaro gaban mai ƙosai: kuɗi ne, amma sai an yi canji. ATP shi ne canjin. Da shi tsoka ke motsi, da shi jijiya ke aika saƙo, da shi ake gina sabon nama. A waɗancan matakai goma ƙwaya tana fara kashe ATP biyu kafin ta samu huɗu, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya. Riba biyu ke nan kacal. In akwai oksijen kuwa, ƙwayar sukari ɗaya tana ba da kimanin 30. Shi ya sa yis ɗin Pasteur ke cinye sukari da yawa in babu iska. Tsofaffin littattafan aji suna cewa 36 ko 38, awon baya-bayan nan ya sauko da adadin zuwa 30 ko 32.

Ƙirjin tattabara

Ina sauran ribar take fitowa? Otto Warburg a Berlin ya riga ya kama ƙarshen hanyar. A shekarun 1920 ya nuna cewa akwai wani enzim mai ɗauke da sinadarin ƙarfe, shi ke karɓar oksijen a cikin ƙwaya, kuma gubar siyanur da iskar hayaƙin gawayi suna toshe shi. A 1925 David Keilin a Kambirij ya ga wasu sinadarai masu launi a tsokar ƙwari, suna miƙa wa juna kaya kamar masu jere suna miƙa bulo, na ƙarshe ya miƙa wa oksijen.

An san farko, an san ƙarshe, tsakiya ce babu. Wanda ya cike ta tsohon mataimakin Warburg ne, Hans Krebs. A 1933 gwamnatin Hitler ta kore shi daga aikinsa a asibitin jami'ar Freiburg saboda Bayahude ne, ya yi hijira zuwa Ingila. A Sheffield, shi da ɗalibinsa William Johnson suka riƙa niƙa tsokar ƙirjin tattabara, don tana shan oksijen da ƙarfi, suna ƙara mata sinadarai ɗaya-ɗaya suna auna abin da ya canza. A 1937 Krebs ya gane cewa hanyar zagaye ce. Guntun abinci yana shiga ya haɗu da wani sinadari, a bi matakai takwas ana zare masa kaya, a fitar da gaz karbonik sau biyu, sinadarin farko ya dawo yadda yake ya karɓi wani guntun. Mujallar Nature ta mayar masa da takardarsa, ta ce ba ta da fili, sai wata mujalla a Holan ta buga. A 1953 aka ba shi Nobel tare da Lipmann.

Wannan zagaye shi ne mahaɗar abinci duka. Hatsi, mai, wake da nama, kowanne da ƙofar da yake shigowa, amma nan suke haɗuwa. Gaz karbonik da muke fitarwa daga jikin abincin yake fitowa, oksijen da muka shaƙa kuwa ruwa yake zama. Don haka in mutum ya rame, mafi yawan kitsen da ya rasa ta hanci ya fita.

Madatsar ruwa a cikin ƙwaya

Tun ƙarni na 19 masu duba ƙwaya da madubin ƙara girma suke ganin wasu ƴan tsaba a cikinta. A 1898 Carl Benda ya sa musu suna mitokondiri, ba tare da an san aikinsu ba. A ƙarshen shekarun 1940 Eugene Kennedy da Albert Lehninger a Amurka suka nuna cewa zagayen Krebs da ƙona kitse duk a cikinsu ake yi. Murhu ya ƙara ƙanƙancewa.

Sauran tambaya ɗaya: ta yaya jeren Keilin ke haifar da ATP? Manyan ɗakunan bincike suka shafe shekaru suna neman wani sinadari da suke zaton shi ke haɗa su, ba su same shi ba, don babu shi. A 1961 Peter Mitchell na Ingila ya kawo wata magana dabam. Ya ce jeren yana tura ƙananan ƙwayoyin haidurojin zuwa bayan wani tantani da ke cikin mitokondiri, su taru can kamar ruwa a bayan madatsa. In za su dawo, ƙofa ɗaya gare su, kuma wucewarsu ta ƙofar ke ƙera ATP, kamar yadda ruwan madatsar Kainji ke juya injin da ke ba da lantarki.

Kusan babu wanda ya yarda. Rashin lafiya ya sa Mitchell ya bar jami'ar Edinbara, ya gyara wani tsohon gida a karkarar Cornwall da kuɗinsa, ya mayar da shi ɗakin bincike. Shi da abokiyar aikinsa Jennifer Moyle suka ci gaba da awo ana musu da su fiye da shekara goma. Gwaje-gwajen wasu, har da na waɗanda suka ƙi maganar da farko, suka zo suka gaskata shi. Ya karɓi Nobel a 1978. Paul Boyer ya ce ƙofar nan juyawa take yi, John Walker ya fito da siffarta, a 1997 kuma masu bincike a Japan suka liƙa mata ɗan zare suka ɗauki hotonta tana juyawa. Gani ya kori ji. ATP ɗin da ke jikin mutum a kowane lokaci kaɗan ne, amma ana kashe shi ana sake ƙera shi ba tsayawa, har jimillar na yini guda ta kai kusan nauyin jikinsa.

Abin da ya shafi gida da aji

Duk waɗannan gwaje-gwaje a Turai da Amurka da Japan aka yi su, amma abin da suka gano yana cikin kowane gida namu.

Ɗauki kaskon gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu. Gawayin da bai samu isasshiyar iska ba yana fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda ke kama jini fiye da oksijen sau ɗari biyu da wani abu. Jini yana zagayawa, amma ɗan dako ya ɗauko kayan da ba su ba ne, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su mutu mutum yana barci. Ciwon kai da jiri ga mutanen ɗaki ɗaya gargaɗi ne: a buɗe ƙofa, a fitar da kowa, a nufi likita. Haka rogo mai ɗaci. Siyanur ɗin da ke cikinsa shi ne gubar da Warburg ya gani tana toshe enzim, kuma jiƙa shi da shanya shi da kyau shi ke fitar da ita.

Ɗauki buhun ajiyar wake mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara gwadawa a arewacin Kamaru, aka yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007, masu binciken INRAN na Maraɗi suna cikin waɗanda suka yi aikin. Babu magani a cikinsa. Kwalbar Mayow ce aka mayar buhu. Ƙwarin suna shanye ɗan oksijen da ke ciki, su daina ci, su kuma bushe, don ruwan jikinsu daga numfashin suke samunsa. Ƙaramin huji ɗaya ya isa ya ɓata aikin, shi ya sa ake matsa wa manomi ya ɗaure bakin kowace leda dabam.

Sai babbar magana, yaron da ya zo lakkwal bai karya ba. Ƙwaƙwalwar babba kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jikinsa, amma tana cin kimanin kashi 20 na ƙarfin da jiki ke kashewa a hutu. Ga ƙaramin yaro kason yana kaiwa rabi. Ƙwaƙwalwa kuma ba ta da rumbu, abin da jini ya kawo shi take ci. In aka haɗa da ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda jini ke bukata don ɗaukar oksijen, jeren Keilin ma ke bukata don aiki, sai ka ga yaro yana gyangyaɗi tun da hantsi. Kafin a kira shi malalaci ko a ɗaga masa bulala, a tambaye shi me ya ci. Koko da ƙosai da safe, wake, zogale, ɗan nama ko hanta in an samu, da hatsin da ba a surfe shi fiye da kima ba, tunda bitamin B da enzim ɗin nan ke aiki da su a dusa suka fi yawa, duk suna cikin kayan karatu kamar kaye da bik.

Ga malamai kuma, wannan darasi yana cikin waɗanda ba su bukatar labo. A jiƙa wake ya fara tsiro, a rufe shi a kwalba kwana biyu ko uku, a rufe busasshen wake a wata kwalbar. A buɗe a zura ashana mai ci a kowacce, yara su faɗi wadda ta mutu nan take da dalili. A zuba yis da sukari da ruwa mai ɗumi a gora, a ɗaura balan-balan a bakinta, a ajiye wata gorar babu sukari. A sa yara su ƙirga numfashinsu na minti ɗaya a zaune, su zagaya fili da gudu su sake ƙirgawa, kamar yadda aka yi wa Seguin. Sannan a ba su labarin Lavoisier da ya yi daidai a babban abu ya kuskure wuri, da Pasteur da ruwan yis ya gyara masa magana, da Mitchell da aka ƙi saurara shekara da shekaru. Yaron da ya ji wannan zai san cewa layin da ke allo mutane ne suka kai gare shi da tambaya da awo, kuma shi ma yana da izinin tambaya. Kwalba biyu da tiya guda ta wake sun isa a fara ranar Litinin.